Fitilun Tablo da Birkin ABS: Darasi Daga Garejin Kawuna

  



Da Malam ya ce kowa ya kawo abin da zai amfani jama'a don ɗan littafinmu na bana, na daɗe ina tunanin me zan rubuta. Ni dai ranakun Alhamis da Juma'a, da ba mu da karatu, garejin kawuna nake zuwa a nan Maraɗi ina koyon aiki. Wani abu da na gani a can da idona shi ya ba ni wannan darasi.

Abin da ya faru

Wata Alhamis da safe wani bawan Allah ya kawo motarsa a canza mata baƙin mai, domin washegari zai kai iyalinsa biki Tasawa. Kawu ya shiga motar don ya matsar da ita, sai ya ga an manna baƙin salatif a wuri biyu a kan allon da ke gaban direba, wanda muke ce wa tablo.

Ya ce, "Alhaji, mi ka ɓoye nan?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Wasu ƴan hitilu ne, sun dame ni in ina tuƙi da dare. Amma mota lahiya lau take tahiya."

Kawu ya ɓare salatif ɗin. Fitila ɗaya rawaya ce, an rubuta ABS a cikinta. Ɗayar kuma ja ce, da'ira mai alamar motsin rai a tsakiya. Ya buɗe gaban motar ya duba ɗan gorar man birki, sai ga mai ya sauka ƙasa da layin da aka rubuta MIN. Ya sa ni na shiga ƙarƙashi da tocila. Bayan tayar baya ta dama duk ya jiƙe, bututun man birki na ɗiga, kuma wata siririyar waya da ke kusa da shi ta tsinke tana lilo.

Kawu ya ce masa, "Alhaji, motar ga ta daɗe tana yi maka magana, kai ko ka toshe mata baki. Da kun ɗau hanya haka, birki na iya kamawa sau goma, a na sha ɗaya ƙafa ta nutse, mota ba ta tsaya inda kake so ba. Kuma da yara a ciki."

Mutumin nan ya yi shiru. Ya ce shi wallahi bai san ma'anarsu ba, wani ne ya ce masa duk motocin Turai haka suke. To ƴan uwa, irinsa suna da yawa, kuma mu ne fasinjojinsu. Shi ya sa na ga ya dace mu koyi karanta wannan allo, ko da ba mu da mota, ko da ba mu iya tuƙi ba.

Launi uku

Abu na farko da za a riƙe shi ne launi. Kamfanonin mota na duniya sun daidaita alamomin nan, shi ya sa za ka ga alamar batir ko ta mai kusan iri ɗaya ce a Toyota da Peugeot da Mercedes.

Ja yana nufin haɗari. Ka nemi wuri mai kyau a gefen hanya ka tsaya, ka duba kafin ka ci gaba.

Rawaya, wato ruwan ɗorawa, yana nufin wani abu ya samu matsala. Motar za ta iya tafiya, amma a kai ta wajen mai gyara ba da daɗewa ba.

Kore da shuɗi labari kawai suke bayarwa: sigina na aiki, fitilun waje na kunne. Shuɗiyar alama mai kama da fitila tana nuna ka kunna doguwar fitila, wadda ke kashe wa mai tahowa ido. In ka ga mota na tahowa, rage ta. Wannan ma yana cikin haƙƙin hanya.

Gwajin makulli

Idan aka murɗa makulli rabi, kafin a tayar da inji, fitilun tablo duk suna kunnuwa lokaci guda. Wasu suna tsorata, alhali motar ce ke gwada kanta, tana nuna maka cewa kowace fitila na da rai. Bayan ƴan daƙiƙoƙi wasu su mutu, saura kuma su mutu da zarar inji ya tashi.

Abu biyu ake dubawa a nan. Fitilar da ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, akwai matsala a wurin da take nunawa. Fitilar da kuma ba ta kunnu ba ko kaɗan, ita ce ta fi ban tsoro, domin ko dai ƙwanta ya ƙone ko wani ya cire shi. Za mu dawo kan wannan a gaba, saboda ya shafi ciniki.

Jajayen fitilu huɗu da ba a wasa da su

Ta farko ita ce fitilar baƙin mai. Kamanninta kamar ƴar butar shayi mai ɗigo a baki. Mutane da yawa sun ɗauka tana cewa ne mai ya ɗan ragu, a ƙara in an isa gida. A'a. In ta kunnu ja ana cikin tafiya, tana nufin mai ba ya zagayawa cikin inji da ƙarfin da ya kamata. Ƙarfe na gogar ƙarfe ba mai a tsakani, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan inji zai iya ƙonewa. A tsaya, a kashe inji nan take, a jira kaɗan, a zaro sandar awon mai a duba. In mai ya yi ƙasa a ƙara. In kuwa mai na nan daidai amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada a sake tuƙa motar, a jawo ta.

Ta biyu fitilar zafi, mai kama da ma'aunin zafin jiki na asibiti a tsaye cikin ruwa. Inji yakan yi aiki daidai a wajen digiri 90 na zafi. In allura ta haura zuwa ja, ko fitilar ta kunnu ja, inji ya yi zafi fiye da kima. Mu da muke da watannin Afrilu da Mayu mun san wannan. A tsaya a kashe. Babban gargaɗi: kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa na iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da an buɗe sai ya yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. A bari ya huce tukuna. A wasu motocin Japan wannan alama takan fito shuɗiya da safe, wannan ba komai, inji ne bai ɗumama ba.

Ta uku fitilar batir, akwati mai alamar tarawa da ta ɗebewa. Yawanci ba batir ɗin ne ya mutu ba. Na'urar da ke yi masa caji in inji na aiki ita ce ta daina, ko kuma fambel ɗin da ke juya ta ya tsinke. Motar za ta ci gaba da tafiya da ɗan abin da ya rage a batir, sannan ta mutu. A motoci da yawa wannan fambel ɗin shi ke juya famfon ruwa, don haka in fitilar batir ta kunnu, a sa ido kan allurar zafi. In ita ma ta fara hawa, a tsaya.

Ta huɗu ita ce wadda muka gani a motar Alhaji, jar da'ira mai alamar motsin rai, wani lokaci da rubutun BRAKE. Abu na farko, a duba ko an manta birkin hannu a ɗage. In an sauke shi fitilar ba ta mutu ba, to man birki ya yi ƙasa. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, ko dai takalman birki sun cinye, ko kuma yana zuba a wani wuri. Ƙara mai kawai ba tare da an nemo inda yake tafiya ba, kamar zuba ruwa ne a hudajjen tulu. Kuma a duba murfin gorar, an rubuta irin man da motar ke sha, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Kada a kuskura a zuba baƙin mai ko man giya a wurin, yana lalata robobin birki. Man birki yana shan danshin iska a hankali, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu.

Rawayen fitilu da saƙonnin rubutu

Cikin rawaye wadda aka fi gani ita ce mai siffar inji. Dalilanta na da yawa, daga ƙarami zuwa babba: fulogi ya gaji, wata na'urar awo ta lalace, ko mai maras kyau. In tana kunne tsaye, a kai motar a duba. In kuwa tana ƙyaftawa, wani silinda ne ba ya ƙona mai daidai, ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa yana lalata matatar hayaƙin da ke ciki. A rage gudu a nemi gareji mafi kusa.

Akwai mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a ciki, wannan iskar taya ce ta ragu. Akwai mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ita ce ta jakar iska da ke fashewa ta tare mutum in an yi karo. Launinta ja ne a wasu motoci, rawaya a wasu, kuma in ta zauna a kunne jakar na iya ƙin fitowa ranar da ake buƙatarta. Masu motocin gas kuma suna da alamar naɗaɗɗiyar waya, wadda ake jira ta mutu kafin a tayar, da wata da ke nuna ruwa ya taru a matatar mai, a tsiyaye shi.

Motocin zamani ba fitila kaɗai suke kunnawa ba, har rubutu suke yi. A nan muke da tamu matsalar. Yawancin ƙananan motocinmu na hannu ne, an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome. Sai ka ga mota na rubutu da Jamusanci, direba kuwa ko Faransanci da ƙyar. Ga ƴan kalmomi da ya kamata a gane. Birki shi ne Bremse da Jamusanci, frein da Faransanci. Mai shi ne Öl ko huile. Kühlmittel ruwan sanyaya inji ne. Prüfen na nufin a duba. Werkstatt gareji ne. In kuwa aka ga STOP da jan rubutu, wannan ba ya buƙatar tafinta. A motoci da yawa ana iya canza harshen tablo daga maɓallan sitiyari, kuma mu ɗalibai za mu iya taimaka wa iyayenmu da wannan.

Duk lokacin da irin wannan fitila ta kunnu, kwamfutar motar na ajiye wata lamba da ke faɗin inda matsalar take. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16, inda mai gyara ke jona na'urarsa ya karanta lambar. Amurka ta wajabta wannan tsari tun 1996, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur. Misali, lamba P0301 na nufin silinda na ɗaya ba ya ƙona mai daidai. Sai dai a kula: na'urar na iya goge lambar fitila ta mutu, alhali ba a gyara komai ba. Wanda ya karɓi kuɗinka ya goge kawai, bayan kwana biyu za ka ga fitilarka ta dawo.

Me ya sa aka yi ABS?

Yanzu mu zo kan ɗaya fitilar da Alhaji ya rufe. Kafin mu gane ABS sai mun gane abin da ke faruwa tsakanin taya da ƙasa.

Duk girman mota, wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce tafin hannu ba. A kan waɗannan tafuka huɗu mota ke tashi, take karya kwana, take tsayawa. Muddin taya na juyawa, tana riƙe da hanya. Amma in direba ya firgita ya danne birki da ƙarfi, tayar na iya kafewa, ta daina juyawa, ta koma jan ƙasa. Duk wanda silifas ya taɓa kwasa a jiƙaƙƙen siminti wajen alwala ya san yadda abin yake. Da ka fara sulɓewa, ba kai ke zaɓen inda za ka nufa ba.

Haka mota take. In tayoyin gaba suka kafe, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, motar miƙewa za ta yi ta nufi abin da kake gudu. In na baya suka kafe, gindin motar ya juyo, ta yi katantanwa a kan hanya. Baƙaƙen layukan da muke gani a kwalta inda aka yi haɗari, sawun tayoyin da suka kafe ne.

ABS tsari ne da ke hana taya kafewa in an taka birki. A jiragen sama aka fara amfani da dabarar, domin jirgi na sauka da gudu mai yawa, in tayarsa ta kafe sai ta fashe. A shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya yi wani mai suna Maxaret don jirage. Irin wanda ke motocinmu yau, mai aiki da lantarki a kan duka tayoyi huɗu, kamfanin Bosch da na Mercedes-Benz a Jamus suka fito da shi a 1978. Da farko sai manyan motoci masu tsada. Daga 2004 kuwa kusan duk sabuwar ƙaramar mota da ake sayarwa a Tarayyar Turai da shi take fitowa. Ke nan da yawa daga motocin da ke yawo a garinmu suna da shi, ko mai motar ya sani ko bai sani ba.

Yadda yake aiki

Sassansa uku ne.

Na ɗaya, a bayan kowace taya akwai zobe mai haƙora, ko mai maganaɗisu a cikin boris, wanda ke juyawa tare da tayar. Kusa da shi akwai ƴar na'ura da ke ƙirga haƙoran suna wucewa. Da wannan ƙirga ake sanin gudun kowace taya ita kaɗai. Wayar da na gani tana lilo a motar Alhaji, ta wannan na'urar ce.

Na biyu, ƙaramar kwamfuta da ke karɓar labari daga tayoyin huɗu tana kwatanta su. In an taka birki ta ga taya ɗaya na rage gudu da sauri fiye da yadda mota za ta iya ragewa, ta san wannan tayar na gab da kafewa.

Na uku, wani akwatin ƙarfe a gaban mota da bututun man birki ke shiga suna fita. A cikinsa akwai ƙananan ƙofofi da ɗan famfo. Da kwamfuta ta ba da umarni, ƙofa ta rufe, ƙarfin birki ya daina ƙaruwa a kan wannan tayar. In har yanzu tana neman kafewa, wata ƙofar ta buɗe a sassauta mata kaɗan. Da ta koma juyawa, a sake matse ta. Riƙe, saki, matse. Wannan na maimaituwa sau goma ko fiye cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowace taya da nata lissafin. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya haka.

Amfanin shi ne tayar na zama a daidai gaɓar da ta fi riƙe hanya, tana juyawa kaɗan-kaɗan ba ta kafe ba. Don haka direba na taka birki iya ƙarfinsa, kuma sitiyari na jin maganarsa. Zai iya kauce wa yaro ko jaki yana cikin birki.

Yadda ake taka shi

A nan ne direbobi da yawa ke kuskure. Lokacin da ABS ya fara aiki, matakin birki na karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, yana tunkuɗo ta, kuma ana jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Wanda bai sani ba sai ya ce birki ya lalace, ya ɗage ƙafa. Wannan karkarwa famfon nan ne ke mayar da mai, alamar cewa abin na aiki ce.

Dattawan direbobi da suka koyi tuƙi a Fijo 504 da tsofaffin bas-bas an koya musu su riƙa taka birki suna saki, suna takawa suna saki, don kada taya ta kafe. A waɗancan motoci wannan daidai ne, har gobe. A mota mai ABS kuwa yin haka ƙara tsawon tsayawa yake, domin duk sakin da ka yi, mota na tafiya ba birki. Kawu kan faɗa wa masu zuwa garejinsa, "In abu ya taso maka, taka da ƙarhi, riƙe, kar ka saki. Ta yi rawa ta yi kuka, kai dai riƙe. Idonka inda kake son bi, ba kan abin da kake tsoro ba." In mota mai giyar hannu ce, a taka kuloci tare da birki don kada inji ya mutu.

Yana da kyau mai mota ya gwada sau ɗaya a fili inda ba mutane ba dabbobi, da ɗan gudu kaɗan, kowa ya ɗaura bel, don ƙafarsa ta san wannan karkarwa tun kafin ranar buƙata.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Kada wani ya ji wannan bayani ya ce to yanzu sai gudu. ABS na da iyaka, kuma iyakar ta shafe mu sosai.

A kan yashi da burji da tsakuwa, mota mai ABS na iya yin nisa kafin ta tsaya fiye da maras shi. Dalili kuwa, tayar da ta kafe a cikin yashi tana tara tudu a gabanta, tudun na taimaka mata tsayawa. ABS ba ya barin wannan tudu ya taru. Abin da ka samu shi ne sitiyari, amma tsawon tsayawa ya ƙaru. Mai bin hanyoyin ƙauye sai ya rage gudu, ya bar tazara mai yawa.

Haka nan ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da man da suka taru a kwalta duk rani suka jiƙe suka zama santsi. Haka tayar da ta suɗe. A dokar Turai, in zanen taya ya gaza milimita 1.6 an daina hawanta, mu kuwa wani lokaci irin waɗannan ne ake kawo mana a sayar. Haka lodin da ya wuce kima. ABS ba ya ƙirƙiro riƙo, da wanda taya ke da shi yake aiki.

Ga ɗan lissafi, tunda muna yin hisabi a aji. In ka raba gudun mota da 3.6 za ka samu mitocin da take ci a daƙiƙa ɗaya. Mota mai gudun kilomita 50 a awa na cin wajen mita 14 a daƙiƙa. Direba mai natsuwa na ɗaukar kamar daƙiƙa ɗaya daga ganin abu zuwa taka birki, mita 14 sun tafi ke nan. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, birkin kansa zai ci wajen wasu mita 14. Jimla 28. To a gudun kilomita 100 fa? Daƙiƙar tunani ta ci mita 28, birki kuma wajen mita 55, jimla 83. Ku lura, gudu ya ninka sau biyu, amma tsawon birki ya ninka sau huɗu. Mita 83 ya kusa tsawon filin ƙwallo. Yanzu ku tuna amalanken shanu maras fitila da dare a hanyar Gidan Rumji ko ta Ɗan Isa. Daga nisan mita nawa direba zai hango shi?

In fitilar ABS ta kunnu

In rawayar fitilar ABS ita kaɗai ta zauna a kunne, birki na nan yana aiki irin na tsofaffin motoci, amma kariyar hana kafewa ta tafi. A tuƙa a hankali a kai gyara. Sau da yawa abin ba shi da tsada: laka ko ƙura ta toshe na'urar ƙirga, waya ta tsinke, fiyus ya ƙone, batir ya yi sanyi, ko an sa boris da bai dace da motar ba. Sa tayoyi masu girma daban-daban ma na rikita kwamfutar, tunda gudunsu ba zai zo ɗaya ba.

In kuwa ta kunnu tare da jar fitilar birki, kamar yadda muka gani a motar Alhaji, kuma birkin hannu a sauke yake, wannan mota ba ta ɗaukar fasinja. A tsaya, a duba mai, a kira mai gyara.

Sai maganar ciniki da na ce za mu dawo kanta. Akwai masu sayar da mota da ke cire ƙwan fitilar ABS, ko su haɗa wayarta da ta fitilar mai don su mutu tare, mai saye ya ɗauka komai lafiya. Mai saye ya yi gwajin makulli: fitilar ABS dole ta kunnu, kuma a yawancin motoci takan mutu da kanta bayan ƴan daƙiƙoƙi ko ba a tayar da inji ba. In ba ta fito ba sam, ko kullum sai tare da ta mai take mutuwa, a jona na'ura a bincika. Mun karanta a darasin fiƙihu cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma haramun ne. To ina ga aibin da ke iya cin rai? Mai gyaran da aka ba kuɗi ya cire ƙwan, shi ma ya ji tsoron Allah.

Namu aikin

Wani zai ce ai rai da ajali na hannun Allah. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma Malam ya karantar da mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Duba man birki kafin tafiya yana cikin ɗaure raƙumi. Addu'ar hawa abin hawa da muka haddace tana tare da wannan, ba ta kore shi ba. Direba kuma amana ya ɗauka, ta waɗanda ke cikin motar da ta waɗanda ke tafiya a gefen hanya.

Mu ɗalibai, in mun shiga mota muka hango jar fitila a kunne, mu yi magana da ladabi. Ba sai mun nuna mun fi babba sani ba. Ya isa a ce, "Baba, ga wata jar fitila can, ko birkin hannu ne bai sauka ba?" Ƴan uwana mata, ku ma wannan ya shafe ku, domin ku da ƙannenmu ne kuka fi cika kujerun baya ranar biki da suna.

Alhaji dai bai tafi da motar ran nan ba. An canza bututu, an haɗa waya, an zuba sabon mai an fitar da iskar da ta shiga. Da aka murɗa makulli fitilun biyu suka kunnu, suka mutu da kansu. Ya sa hannu ya kankare sauran gam ɗin salatif daga tablo.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin jar fitila da rawaya?
2. Me ya sa ba a buɗe murfin lagireto da zafi?
3. Kawo sassa uku na ABS da aikin kowanne.
4. Matakin birki ya fara karkarwa a ƙafar direba yana cikin birkin gaggawa. Me zai yi?
5. Mota na gudun kilomita 90 a awa. Mita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya?

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina roƙon malamai da masu sana'ar su gyara mini.